Sawun Ɓera a Ɗakin Wanka

Kukan jaririya ne ya tara mutane. Duk unguwar ta san gidan Alhassan direba ba gidan da ake barin jinjira ta yi kuka ba ne, don haka da maƙwabta suka yi sallama suka ji shiru, sai suka kutsa. Ƙofar ɗakin wanka a kulle take ta ciki, ana jin ruwa na zuba. Da aka ɓalle ta, sai ga mata biyu a ƙasa. Sa'adatu, matar gidan, mai jego, tana kwance a gefen baho da ganyen bedi, wato dogonyaro, a hannunta. Surukarta Inna Mairamu, wadda ta zo daga Damagaram don ta yi mata wankan jego, ta faɗi a bakin ƙofa. Dukansu da sauran numfashi, amma ba wadda ta san inda kanta yake.

Kafin motar da ta ɗauke su ta kai asibiti, unguwa ta riga ta gama bincike ta yanke hukunci. An ga ƙwaryar nonon raƙumi a tsakar gida, an sha rabi. Kowa ya san wata Buzuwa, Fadimata, ita ce take kawo shi kullum safiya, kowa kuma ya ji cewa ƙanenta ya hau duwatsu wajen 'yan tawaye.

Mutanen Arlit na wancan lokacin ba mugaye ba ne, tsoro ne ya cika musu ciki. Tawaye ya sake tashi a Abzin, an binne nakiyoyi a hanyoyi, mota ba ta zuwa Agadas sai a ayari da rakiyar soji. Ga baƙi suna ta kwararowa neman aiki a sababbin ramukan uraniyom, maƙwabci bai gama sanin maƙwabcinsa ba. A irin wannan hali, in wani abu ya faru, mai rawani ko mai baƙin lulluɓi ake fara kallo. Mai unguwa Ramalan ya janye Fadimata daga hannun jama'a ya zaunar da ita a zaurensa, ya ce in an yi la'asar ba a gano komai ba, zai miƙa ta ga jandarma. Wanda kuwa aka miƙa da sunan tawaye a shekarar nan, Allah kaɗai ya san ranar dawowarsa.

Daga nan ya aika a kira Attaher.

*

Attaher Buzu ne, mutumin Gugaram, dogo, siriri, ya ba sittin baya. Ya yi rayuwarsa yana bin sawun raƙuman da aka sace, har ana cewa in ya dubi ƙasa yakan faɗa maka abin da ɓarawon ya karya kumallo da shi. Wannan ƙari ne irin na mutane, amma shi bai taɓa musawa ba, don yana jin daɗinsa. Da daji ya ƙi shiguwa ya dawo gari, ya koma neman akuyoyin da suka ɓata a kwararo, aikin da yake yi yana tsaki.

Ya tarar da Fadimata a kusurwar zaure, ta haɗa kai da gwiwa. Ya yi mata magana da Buzanci, sai Ramalan ya ɗaga hannu.

"Malam Attaher, a yi da Hausa. Mutane na waje suna saurare, kar a ce mun ƙulla wani abu."

Abin ya sosa wa Attaher rai, amma ya haɗiye. Fadimata ta ɗago, ta yi magana da irin Hausarta ta mutanen daji, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Baba, nonon nan ni na sha, ɗiyata ya sha. Sa'adatu shi ne mai kirki gare ni duk unguwar ga. Don mi zan kashe shi?"

"Kin shiga gidan yau?"

"Ni ba ni shiga. Bakin ƙofa nike tsayawa, in zuba nono, in tahi. Ba a taɓa ce mini shigo ba."

Alhassan yana tsaye a ƙofar zauren, an ɗauko shi daga wurin aiki, ko takalmin aikin bai cire ba. Idanunsa sun kaɗa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, me ake jira? Matata da uwata suna kwance. Wannan matar ta san abin da ta zuba."

Attaher ya dube shi daga sama har ƙasa, kamar yadda yake duban kowa, ya ce a kai shi gidan.

*

Ƙwaryar nonon tana nan inda aka bar ta, mutane sun kewaye ta daga nesa kamar za ta yi cizo. Attaher ya tsuguna, ya shinshina, ya ɗanɗana da yatsa. Sai ya sassauta amawalin rawaninsa ya kafa kai ya shanye tas, ya goge baki.

"Raƙumar ta ci ganyen ƙaya mai kyau," in ji shi.

Da ka yi zaton wannan zai kashe maganar, to ba ka san jama'a ba. Nan take wani ya ce ai Buzaye suna da makari, wata ta ce a jira a gani zuwa azahar. Attaher ya bar su da jiran faɗuwarsa, ya shiga ɗakin wanka shi kaɗai.

Ɗakin ɗan ƙarami ne, na siminti, ba taga. A jikin bango an kafa wani farin akwati na ƙarfe, tiyo ɗaya ya shiga cikinsa daga famfo, wani ya fito daga tukunyar gaz. Wannan shi ne injin ɗumama ruwa, wanda ma'aikata suke kira shofo. Itace ya yi wuya tun da aka daina shiga daji, wankan jego kuwa ruwan zafi yake ci safe da yamma, shi ya sa Alhassan ya sa aka kafa shi ana gobe suna. Attaher bai san kan injin ba, bai kuma yi kamar ya sani ba. Ƙasa ya duba, don ita ce littafinsa.

Takun mutanen da suka shigo ceto ya dagula tsakiyar ɗakin. Amma a gindin bango, inda yashi ya taru ba wanda ya taka, akwai wani ɗan siririn sawu. Ɓera ne. Ya fito daga bayan tukunyar gaz yana tafiya sosai, jelarsa na jan layi miƙe. Can sai takun ya fara haɗuwa, layin jela ya karkace, ya yi dama, ya yi hagu. A bayan bokiti Attaher ya same shi kwance, ba rauni, ba kumfa a baki.

Ya daɗe yana kallon ɗan ɓeran. Wannan dai bai sha nonon Fadimata ba.

Sai ya tuna wani lokacin ɗari a Gugaram, da aka tarar da makiyaya biyu sun suma a cikin tanti, sun rufe ko'ina sun bar gawayin shayi yana ci. Ya ɗaga kai. A saman injin bango ya yi baƙi, baƙin kuma sabo ne, yana bin yatsa. Sama da nan akwai rami a bango, an cusa masa wani tsohon zane mai ruwan goro, an danna shi da ƙarfi. A ƙarƙashin ƙofa ma an shimfiɗa buhu an toshe kafar.

*

A asibiti ya sami malamar jinya, Madam Siddiƙa, mace mai saurin magana wadda ba ta son a tsaya mata a hanya.

"Sun farfaɗo," ta ce. "Ba mu ga alamar guba a cikinsu ba. Ciwon kai ne da jiri, da muka sa musu iska sai suka dawo. Baba, wuta in tana ci a rufaffen ɗaki tana fitar da wata iska da ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum zai ji barci kawai. Na tambayi maigidan ko sun kunna gawayi, ya ce ba gawayi a gidansa, ya tafi ya bar ni ina magana."

"Wutar gaz ma tana yi?"

"Kowace wuta, in ba ta da mashaƙa."

Inna Mairamu tana zaune a kan gado, ta ɗaure kai da kallabi tamau. Tsohuwa ce mai baki, ciwo bai rage mata komai ba. Attaher ya gaishe ta da jiki, ya fito da zanen daga aljihunsa.

"Hajiya, kin san wannan?"

"Yo zanena ne, ya zan ƙi saninsa? Waye ya cire shi? Ku maza ba ku san komai ba. Mai jego ce fa. In sanyi ya shiga jikin mai jego, ya shiga ke nan har tsufa. Jiya ina yi mata wanka na ji iska na hurowa ta ramin nan kamar ana sara, yarinya tana rawar ɗari. Shi ne na taka bokiti na toshe shi, na toshe ƙarƙashin ƙofa."

"Da can ba ki ji iskar ba?"

"Da can ai ba rami. Bututu ne a wurin, ya fito daga kan injin ya bi ta bango. Shekaranjiya na duba na ga wayam. Na ce garin nan har bututun wanka sacewa suke yi. In kana neman ɓarawo, ka tambayi yaron da ya kafa shi, shi ya san hanyar cire shi."

Attaher bai gaya mata abin da zanenta ya yi ba. Ya ga yadda take leƙen gadon Sa'adatu tana tambayar ko an ba jinjira nono, sai tausayinta ya kama shi. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita.

*

Magana ba ta da ƙafa amma ta riga shi isa unguwa. Ya tarar an sake sabon hukunci: Zayyadu mai aikin famfo, wanda ya kafa injin, shi ne ya sace bututun, kuma wai Fadimata ce ta saye shi. Yadda aka haɗa mai nono da mai famfo a ƙulli ɗaya, sai wanda ya haɗa ya sani.

Zayyadu mutumin Tawa ne, gajere, mai fushin kusa. Attaher ya same shi a rumfarsa yana zazzaga masifa.

"Ni in saci bututu? Baba, ni nas sa shi da hannuna! Na hwaɗa ma Alhassan, injin ga numfashi shikai kamar mutum. Shina son iska ta shigo ta ƙasa, hayaƙi shi hita ta bisa. In ka toshe mai hanci, kai zai shaƙe."

"Ka faɗa masa haka?"

Zayyadu ya sosa ƙeya. "To, ranar ana hidimar suna, shina ta amsa gaisuwa. Na hwaɗi dai. Ban san ko ya ji ba."

"A ina ka samo bututun?"

"Kasuwar tsohon ƙarhe. Hanya ruhe take, sabo ba ya zuwa. Kowa can shika saye."

Attaher ya dubi ƙafafunsa. Silifa ne na roba, ɗaya an ɗaure shi da waya. Ya ce masa ya zo zauren mai unguwa da la'asar, kada kuma ya zo da wannan bakin.

*

Bayan gidan Alhassan fili ne da ba a cika bi ba, yashinsa a kwance. A nan Attaher ya ji ya dawo gida. Daidai ƙarƙashin ramin akwai gurbi biyu inda aka kafa tsani. Daga nan wani layi ya tashi, na abu mai tsawo da aka ja a ƙasa, a gefensa kuma sawun takalmin ma'aikatan rami, mai ƙarfe a baki. Rabin mazan Arlit irinsa suke sawa, amma ba duka suke taka shi iri ɗaya ba. Wannan dugadugin hagunsa ya cinye ta gefe guda.

Ya bi layin a hankali, hannuwansa a baya. Ɓarawo yakan yi sauri, yakan tsaya ya waiga, yakan nufi kasuwa. Mai wannan sawu bai waiga ba ko sau ɗaya, kuma ya juya wa kasuwa baya, ya nufi bayan gari. Ya wuce juji, ya wuce gidajen kara na sababbin zuwa, har gindin wata busasshiyar ƙaya. A nan layin ya ƙare a kan tarin duwatsu da aka jera da kyau.

Attaher ya kwashe duwatsun ya tona. Bututun yana nan, an naɗe shi da leda, an ɗaure bakinsa biyu.

Ya zauna a kan dugadugansa. A duk shekarun da ya yi yana bin ɓarayi, bai taɓa ganin wanda ya saci ƙarfe ya yi masa likkafani ya binne ba. Kuma ya riga ya ga wannan dugadugi da safe, a ƙofar zauren Ramalan. Ransa bai yi daɗi ba. Ya ɗauki bututun a kafaɗa, rana ta fara karkata.

*

Ana idar da la'asar zauren ya cika, har waje. An sallamo Inna Mairamu, ta zo an riƙo ta. Zayyadu yana gefe yana huci. Fadimata tana kusurwarta, ba ta ci komai ba tun safe. Waɗanda suka jira faɗuwar Attaher suka ga ya shigo garau da bututu a kafaɗa, suka ɗan ji kunya, amma ba sosai ba.

Ya ajiye zanen, ya ajiye bututun, ya ajiye ɗan ɓeran a kan ganye. Ya faɗi abin da ya gani a ɗakin wanka da abin da malamar asibiti ta ce, a taƙaice, don shi ba mai dogon zance ba ne. Da ya zo kan zanen, Inna Mairamu ta buɗe baki za ta yi gardama, sai ta dubi ɓeran, ta rufe bakin da hannu.

"To, wa ya cire bututun?" in ji Ramalan.

Attaher ya sa aka share yashin ƙofar zaure, ya ce duk namijin da ya taɓa shiga gidan ya taka ya wuce. Zayyadu ya fara, yana buga silifansa da gayya. Maƙwabta suka bi. Da aka zo kan Alhassan, bai motsa ba. Idonsa na kan bututun.

"Ba sai na taka ba, Baba," ya ce. "Ni ne."



"Ƙafarka ta hagu ita ke danne kulocin babbar mota, shi ya cinye dugadugin," in ji Attaher. "Wannan na karanta a ƙasa. Abin da ƙasa ba ta faɗa mini ba shi ne dalili."

Alhassan ya zauna daɓas a kan tabarma. "A wurin aiki ake ta zancen tsohon ƙarfen da ke kasuwa, wai wani daga ramin ma'adini ya fito, wai yana ɗauke da cutar da ba a gani. Na hau na leƙa cikin wannan, na ga wani abu rawaya-rawaya ya kama shi. Sai na tuna a ɗakin nan ake yi wa 'yata wanka. Na cire shi, na kai shi nesa na binne don kar wani ya tsinta ya ƙera tukunya da shi. Na ce in ayari ya zo daga Agadas zan sayi sabo. Ban faɗa wa kowa ba don kar hankalin Sa'adatu ya tashi." Ya rufe fuska da hannu. "Wallahi na ɗauka amfaninsa kawai kar bango ya yi baƙi."

Inna Mairamu ta fashe da kuka. "Kai ka buɗe, ni na toshe. Mu biyu muka so kashe yarinyar mutane."

"Ku biyu kuka so tsare ta," in ji Attaher. "Kowa ya yi nasa shi kaɗai, bai gaya wa ɗan'uwansa ba."

Zayyadu, wanda ya zo da shirin faɗa, ya rasa da wa zai yi. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ma da ya zaunar da mutanen gidan ya nuna musu, da ba a kai nan ba.

Ramalan ya gyara zama. "To ni yanzu wa zan kai wa jandarma?"

"Ka kai musu zanen da bututun, ranka ya daɗe. Ɓeran kuma shi ne shaida."

Wani ya yi dariya, sai ta bazu, irin dariyar mutanen da aka sauke wa kaya. Alhassan kaɗai bai yi ba. Ya tashi ya je gaban Fadimata ya durƙusa, a gaban duk waɗanda suka ji abin da ya faɗa da safe.

"Baiwar Allah, na zalunce ki. Da la'asar ta yi ba a gano ba, da bakina ne ya kai ki. Ki yafe mini."

Fadimata ta daɗe tana kallonsa.  Can ta gyara lulluɓinta.

"Sa'adatu ya tashi?"

"Ta tashi."

"To, Allah shi yahe mu duka. Ɗiyata na gida shi kaɗai."

Ta miƙe ta fita, jama'a suka dare suka ba ta hanya.

*

Zayyadu ya naɗa sabon bututu da sabon kwanon rufi, ya fasa kafar iska a ƙasan ƙofa, ya tara mutanen gidan ya nuna musu wutar injin: in shuɗiya ce lafiya, in ta koma ja tana baƙanta bango, a kashe a buɗe ƙofa a kira shi. Daga nan ya bi gidajen da ya taɓa kafa wa injin ɗaya bayan ɗaya, ya kuwa zaro tsummoki daga ramuka fiye da yadda yake son faɗa. Inna Mairamu ta ci gaba da wankan jego, tana mitar iskar da ke shigowa, amma ta daina taka bokiti.

Wata safiya bayan an yi arba'in, Attaher ya bi ta kwararon yana neman akuyar wani. Ya ga ɗan ɗumi yana tashi daga bakin bututun a bayan gidan. Da ya zagayo ƙofa, idonsa ya faɗa ƙasa, don ba ya iya hana shi. Ga sawun Fadimata nan, ɗan ƙarami, mai nauyi ta gefen da take riƙe gorar nono. Ya zo daga bakin titi har dokin ƙofa, inda ya saba tsayawa ya juya.

Yau bai juya ba. Ya tsallake ya shiga ciki, kuma har yanzu bai fito ba. Daga tsakar gida ana jin muryar Inna Mairamu tana faɗa, wai ita ba a ƙin shayinta a gidan nan.

Attaher ya gyara amawalinsa don kar a ga yana murmushi, ya wuce neman akuya.